Baƙo Mai Saye da Baƙo Mai Kallo: Tarihin Ziyartar Unguwannin Masu Sana'a a Kano

1.0 Gabatarwa

Duk baƙon da ya sauka Kano yana son ganin gari, akwai wurare huɗu da ba a rasa kai shi, watau Dutsen Dala, da Gidan Makama, da Kasuwar Kurmi, da marinar Ƙofar Mata. A biyun ƙarshen nan, abin da ake nuna masa shi ne aikin hannu da masu yin sa. Saboda haka mutane da yawa suka ɗauka cewa ziyartar masu sana'a sabon abu ne wanda ya zo tare da jirgin sama da kyamara. Wasu ma har sun ɗora begensu a kai, suna ganin yawon buɗe ido ne zai ceci sana'o'inmu na gargajiya daga mutuwa.

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta bi diddigin wannan ziyara tun daga asalinta. Za mu ga cewa unguwannin masu sana'a na Kano sun daɗe suna karɓar baƙi, har ma baƙin ne suka raya su. Abin da ya sake shi ne irin baƙon da abin da ya kawo shi. A da, falke ne yake zuwa da raƙuma ko jakai ya sayi kaya ɗauri-ɗauri domin mutanen da za su sa su a jiki. Daga baya sai aka sami wanda yake zuwa ya gani, ya ɗauki hoto, ya sayi ɗan abin tsaraba ya wuce. Ra'ayin da takardar za ta kare shi ne, mai saye ne ya gina waɗannan unguwanni, mai kallo kuwa, duk da amfaninsa, ba zai iya riƙe su shi kaɗai ba. Za mu fi ba da ƙarfi a kan rini da dukanci, domin su ne baƙi suka fi rubutu a kansu.

2.0 Yadda Unguwannin Suka Kafu

Labarin baka na Kanawa ya danganta kafuwar gari da sana'a. An ce Abagayawa, watau wasu maƙera daga Gaya, su ne suka fara zama a gindin Dala saboda neman tama. Binciken masu haƙar kayan tarihi bai saɓa wa wannan ba, domin an sami alamar narkar da tama a Dala wadda aka ƙiyasta ta kai ƙarni na 7 na Miladiyya. Haka kuma littafin nan na Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa da Ingilishi a 1908, da ya zo lissafa manyan mutanen Barbushe, ya ambaci maƙeri a cikinsu, da mai haƙar tama, da mai magani. Ke nan tun kafin sarauta ta kafu sosai an riga an san mutum da sana'arsa.

Bunƙasar gari kuwa ta zo ne tare da baƙi. Littafin ya nuna zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), da buɗewar hanyar Gwanja da zuwan Azbinawa da gishiri a ƙarni na 15. Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi, wadda ta zama mahaɗar duk waɗannan hanyoyi. A littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da aka buga a Italiya a 1550, an bayyana mutanen Kano da cewa masu sana'a ne da attajirai.

Wanda duk ya duba sunayen unguwannin cikin birni zai ga wannan tarihi a rubuce. Wasu sunayen na sana'a ne, kamar Dukawa, da Soron Ɗinki, da Kwarin Mabuga, da Tudun Maƙera. Wasu kuwa na baƙi ne, kamar Agadasawa, da Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Ayagi ta Yarabawa, da Dandalin Turawa. Kalmar Turawa a nan Larabawan Arewacin Afirka take nufi, domin su aka fara kira da wannan suna. Alfindiki ma daga kalmar Larabci ta masaukin fatake aka samo ta. Abin lura shi ne, waɗannan unguwanni iri biyu a cuɗe suke da juna. Mai sana'a da baƙon da ke sayen kayansa katanga ɗaya ce ta raba su, kuma tsakaninsu akwai fatoma mai ba da masauki, da dillali mai haɗa ciniki.

3.0 Baƙo Mai Saye

Ƙarni na 19 shi ne lokacin da sana'o'in Kano suka kai ƙololuwa. Jihadin da aka fara a 1804 ya haɗa ƙasashe masu yawa a ƙarƙashin Daular Usmaniyya, kasuwa ta yi faɗi, kuma yawancin fataucin da a da yake sauka Katsina ya karkato zuwa Kano. Masaƙa da marina da maɗinka daga Nufe da Barno da sauran wurare suka yi ta shigowa. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa ba dukansu ne suka zo da son ransu ba, kuma wani kaso na audugar da babar da aka yi aiki da su bayi ne suka noma a rumada da gandaye.

Mun san yanayin cinikin ne ta hanyar wasu baƙi na daban, watau matafiya Turawa masu rubuta abin da suka gani. Hugh Clapperton, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdullahi, ya shigo Kano a watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya zaga kasuwa, ya ga marina da majema, ya kuma ba da labarin wata ƙa'ida wadda ta cancanci mu tsaya a kanta. Ya ce a cikin kowane ɗauri na riga ko turkuɗi akan rubuta sunan dillalin da ya sayar. Idan falke ya kai kayan Barno ko wani wuri mai nisa, aka kwance aka tarar da algus, sai a mayar da su Kano, dillalin ya biya. Wannan ya nuna cewa mai sayen nan masanin kaya ne, zai sake dawowa baɗi, kuma ana jin tsoron ɓacin ransa. Irin wannan baƙo shi ke tilasta wa mai sana'a ya kyautata aiki.

Heinrich Barth, Bajamushe, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso a watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarki Usman. Ya ƙiyasta mazauna birni 30,000, amma ya ce daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin saukar ayari, adadin yakan kai 60,000. Watau a kakar ciniki, kusan rabin mutanen da ke cikin ganuwa baƙi ne. Ya ƙiyasta kuɗin tufafin da Kano ke fitarwa a shekara wuri miliyan 300, kuma daga ciki kayan raƙumi 300 Tambutu kaɗai ake kai su. Takalma kuma ya sa musu wuri miliyan 10. Ya ce tufafin Kano suna kaiwa Gat da Murzuk da Tarabulus ta arewa, ta yamma kuwa har bakin teku. Domin mu gane nauyin waɗannan alƙaluma, shi Barth ɗin ya ce wuri 50,000 zuwa 60,000 sun ishi iyali guda ci da sutura na shekara. In muka raba, za mu ga kuɗin tufafi kaɗai ya isa ya riƙe gidaje kimanin 5,000. Ya kuma ambaci kuɗin karofi, wuri 700 a kan kowane ramin rini, ya ce ramukan da ke cikin birni sun haura 2,000. Wani abin da ya burge shi shi ne, duk wannan aiki a gidaje da zauruka ake yin sa, mutum yana tare da iyalinsa, ba kamar manyan masana'antun Turai na zamaninsa ba.

A ƙarshen ƙarnin, C. H. Robinson, wanda ya zauna a Kano a 1894 zuwa 1895, ya kwatanta ta da Mancesta, birnin masaƙun Ingila. Philip Shea, a kundin digirinsa na uku na 1975, ya ƙiyasta cewa a wannan lokaci ramukan rini a ƙasar Kano sun kai tsakanin 15,000 da 20,000, kuma mafi yawansu a ƙauyuka da garuruwa suke, irin su Kura da Bunkure da Dal da Zarewa. Ba Turawa kaɗai suka rubuta ba. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya rasu a Kete-Karachi ta ƙasar Gana a 1934, ya bar bayanin sana'o'in Hausawa da ajami, kuma nasa bayanin na ɗan gida ne wanda ya san sunan kowane abu.

Akwai wani al'amari da mai kallo na yau ba ya gani, amma shi ne ƙashin bayan tsarin: sana'o'in a sarƙe suke da juna. Manomi ya noma auduga da baba. Mata su gurje, su yi kaɗi da mazari. Masaƙi ya saƙa sawaye, maɗinki ya haɗa, marini ya tsoma, mabugi ya buga da shuni har tufa ta yi ƙyalli. Katsin da ya kwanta a gindin ramin rini akan kwashe shi a ƙona, a haɗa da gashin jima daga majema da dafara, a yi laso, wanda da shi ake dalaye sabon rami da rufin soro. Majemi ya jeme fata da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, baduku ya yi sirdi da kube da gafaka, maƙeri ya ƙera linzami da likkafa. Falke guda ɗaya in ya sayi kore ɗari, ya ciyar da dukan wannan jeri na mutane.

4.0 Sakewar Hanyoyi

Sojan Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Amma abin da ya fi bindiga tasiri a kan masu sana'a shi ne dogo, wanda ya iso Kano a 1911. A wannan shekarar kuma Italiya ta kai wa Tarabulus yaƙi. Fataucin hamada, wanda dama ya riga ya raunana, sai ya ƙara durƙushewa, gari ya juya fuskarsa daga arewa zuwa Ikko. Ga kuma sabuwar iyaka tsakanin Ingilishi da Faransa ta ratsa tsakanin Kano da abokan cinikinta na Damagaram da Azbin.

Kuskure ne a ce sana'o'in sun faɗi nan take. Turawa sun yi fatan jirgin ƙasa ya kwashe audugar Kano zuwa masaƙun Ingila, amma masaƙan gida suna sayen ta da tsadar da ta fi ta kamfani, sai manoma suka koma gyaɗa daga 1912. Wannan shaida ce ta ƙarfin saƙar gida a lokacin. Lalacewar a hankali ta zo, kuma ba ta sami kowa lokaci guda ba. Zaren kanti ya fara da mata masu kaɗi. Akoko da sauran yadin Turai suka rage wa masaƙa ciniki, amma marina suka ci gaba da rina yadin. Shunin da masana'antun Jamus suka fara sayarwa a 1897 ya yi ta shigowa yana rage darajar baba. Masu narkar da tama sun ɓace saboda tsohon ƙarfen jirgi da na mota ya fi sauƙin samu, amma maƙera suka rayu da wannan ƙarfen. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda a da ake jeme ta a nan ta ƙetare hamada har Turawa suna kiranta fatar Maroko, sai aka koma fitar da ita ɗanya ta teku.

Bayan haka masaƙun zamani suka kafu a cikin ƙasa, tun daga ta Kaduna a 1957, sa'an nan takalman roba da kwanonin sha da robobi suka cika kasuwa. Su kansu masaƙun zamanin ba su daɗe ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 suka fara tangal-tangal, kuma a shekarun 2000 yadin ƙasar Sin ya mamaye Kantin Kwari. A taƙaice, cikin shekara ɗari mai saye na asali ya yi ta janyewa, wani saboda hanya ta toshe, wani saboda ya sami abin da ya fi araha.

5.0 Baƙo Mai Kallo

A daidai lokacin da falke yake ja da baya ne sabon baƙo ya bayyana. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa a 1909, kuma a cikinta akwai sashen koyar da sana'o'in hannu. A nan ne aka fara fitar da sana'a daga zauren gado zuwa aji. A 1924, a babban baje kolin daular Ingila da aka yi a Wembley ta birnin Landan, an gina wani gari mai ganuwa irin ta ƙasar Hausa, aka kai masu sana'a daga Nijeriya suna aiki jama'a na kallonsu. Wannan muhimmin mataki ne a tarihin da muke bi, domin a nan aikin kansa ne aka mayar abin nuni, ba kayan da aka yi ba.

Jiragen sama na farko sun sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu filin jirgin Kano ya zama zango ga jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da kudancin Afirka. Fasinjoji da ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni suka riƙa shiga gari su ga Kurmi da marina, 'yan koli kuma suka riƙa baza kaya a bakin masaukai. Bayan samun mulkin kai gwamnati ta ɗauki al'amarin a kan abin alfahari na ƙasa, kamar yadda aka gani a bikin FESTAC na 1977 da kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979. A 2007 aka sa ganuwar Kano da wuraren da ke haɗe da ita cikin jerin share fage na Hukumar UNESCO.

Ba za a musa amfanin wannan baƙo ba. Ya kawo kuɗi a lokacin da ciniki ya yi ƙasa, ya sa hukuma ta ji kunyar barin wasu wurare su zama juji, ya kuma sa 'ya'yan gida suka waiwayi abin da suka fara rainawa. Marinar Ƙofar Mata tana cikin wuraren da sunansu a bakin baƙi ya taimaka suka tsira, alhali karofi da yawa na cikin birni an cike su an yi gini a kai.

Amma akwai illoli uku. Ta farko, ya sake fasalin kayan. Mai tafiya a jirgi yana son abu ƙarami, marar nauyi, mai araha, saboda haka aka koma yin tim-tim, da 'yar jaka, da ƙaramin takobi na rataya a bango, da ƙyallen ɗaure mai zane wanda ba riga ba ne ba zane ba. Ta biyu, bai san kaya ba, kuma ba zai dawo ba, don haka babu abin da zai sa a rubuta sunan dillali a cikin ɗauri. Ta uku, shi raɓa ne, kamar yadda Hausawa ke cewa game da baƙo. Harin da aka kai Kano ranar 20 ga Janairu, 2012, ya kori baƙin waje na tsawon shekaru, annobar korona ta 2020 kuma ta sake rufe hanya. 'Yan jaridar da suka ziyarci Ƙofar Mata a shekarun 2010 sun ba da rahoton ramuka fiye da 100, amma kaɗan ne daga ciki ake aiki da su. Wurin da ya fi kowane suna ke nan a cikin marinun ƙasar Hausa. In da kallo yana riƙe sana'a, da nan za a fara gani. Gani ba ci ba ne.

6.0 Batun Shekarar 1498

Akwai wata illa ta huɗu wadda ta fi shafar mu masu nazarin tarihi. Abin da aka saba gaya wa baƙo a Ƙofar Mata shi ne an kafa marinar a 1498, kuma tun daga ranar ba abin da ya sake. Daɗewar rini a Kano ba abin gardama ba ne. Heidi Nast, a littafinta na 2005 a kan Gidan Rumfa, ta kawo hujjojin cewa matan fada sun riƙe rinin baba tun ƙarni na 16. Amma binciken Shea ya nuna cewa a da cikin manyan tukwanen ƙasa ake rini, kuma rami mai zurfi da aka dalaye da laso ya yaɗu ne daga wajen ƙarshen ƙarni na 18 zuwa cikin na 19. Dalilin yaɗuwarsa kuwa ciniki ne, domin rami ya fi tukunya ɗaukar ruwa da tufafi, ya fi ta ƙarko, ya kuma rage tsadar aiki.

Ke nan ramin da ake nuna wa baƙo a kan alamar rashin canji, shi kansa sabuwar dabara ce da kakanninmu suka ƙirƙiro don su biya bukatar kasuwa mai faɗaɗa. Labarin da muke bai wa mai kallo yana daɗa wa wurin kwarjini, amma yana tauye wa marina haƙƙinsu, domin yana nuna su kamar masu maimaita abin da suka gada kurum. Yana kuma koya wa matasa cewa gyara ko ƙari a kan sana'a cin amanar gado ne, alhali tarihin ya nuna akasin haka.

7.0 Inda Sana'a Take da Rai

Idan muna son gwada ra'ayin wannan takarda, sai mu duba inda aikin hannu ya ci gaba ba tare da mai kallo ba. Misali na farko shi ne Kura, kudu da birni. Ba kasafai ake kai baƙin yawon buɗe ido can ba, amma saƙa da rini da bugun turkuɗi da rawanin nan ɗan Kura sun ƙetaro har cikin ƙarni na 21, saboda Buzaye na Nijar da Mali da Aljeriya ba su daina ɗaukarsa a kan tufar daraja ba. Shi Buzu ya san siririn sawu da kauri, ya san ƙyallin shuni na gaske, yana kuma biya.

Misali na biyu shi ne kayan doki. Muddin ana hawan salla, masu sirdi da linzami da jalala suna da aiki. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya, amma ba wannan ne ya raya dukawan ba, hakimai da mahaya da ke sayen kayan ne. Haka maƙeran da ke ƙera garma da fartanya da lauje, da masu ɗinkin hula da aikin wuyan riga. Misali na uku shi ne rinin shadda na zamani. A watan Mayu na 2015 dubban marina sun yi zanga-zanga a Kano saboda shigowar rinannen yadi daga ƙasar Sin. Yawansu ya nuna cewa rini bai mutu a Kano ba, ya dai tashi daga rami ya koma tukunyar ƙarfe da sinadari, watau ya bi mai saye kamar yadda ya yi a ƙarni na 19. Abin da suka fito nema kuwa kariyar kasuwa ce, ba ƙarin 'yan kallo ba.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa unguwannin masu sana'a na Kano sun tashi ne kafaɗa da kafaɗa da unguwannin baƙi, kuma falken da ya san kaya, yake dawowa kowace shekara, shi ne ya kai su matsayin da Clapperton da Barth suka tarar. Mun ga yadda dogo da iyaka da kayan kanti suka janye wannan baƙo, da yadda mai kallo ya maye gurbinsa ba tare da ya iya ɗaukar nauyinsa ba. Bisa ga haka, ga shawarwari huɗu.

Na farko, a gyara bayanin da ake yi wa baƙi a Ƙofar Mata da Kurmi, a gaya musu tarihin fatauci da ƙirƙira, a kuma faɗaɗa zagayen ya haɗa da mabuga da majema da garuruwa irin su Kura, domin a ga sarƙar gaba ɗayanta. Na biyu, hukumomin da ke kashe kuɗi wajen yi wa wuraren nan katanga da fenti su zama masu saye da kansu, su riƙa ba masu sana'a kwangilar kayan kyauta da na ofis da na makarantu a kai a kai. Na uku, a farfaɗo da tsohuwar ƙa'idar sa suna a cikin ɗauri, ta yadda tufar da aka rina da baba na gaske, ko fatar da aka jeme da bagaruwa, za ta fita da shaidar wanda ya yi ta. Bida, wadda ta shiga jerin biranen sana'ar hannu na UNESCO a 2021 saboda aikin tagulla da na ƙarau, ita ma wannan tambaya ce a gabanta, kuma akwai abin da garuruwan biyu za su koya daga juna.

Ta huɗu ta shafe mu ne malaman kwalejojin ilimi da jami'o'i. Mu ma muna kai ɗalibai waɗannan wurare, kuma sau da yawa ziyarar tamu ba ta da bambanci da ta mai kyamara: a sauka daga mota, a zaga, a yi hoto, a koma. Ya kamata ɗalibin Hausa ko na Tarihi ya zauna da dattijan marina da dukawa na makonni, ya rubuta sunayen kayan aiki da na launuka da na ɗinki, ya tambayi su wa suke saye a da, ta wace hanya suke zuwa, kuma yaushe suka daina. Dattijan da suka ga ƙarshen zamanin cinikin Buzaye a cikin birni suna ƙarewa, kuma abin da ke kansu babu shi a littafin Barth. Alhaji Umaru ya yi irin wannan aiki da tawada da alƙalamin kara fiye da shekara ɗari da suka wuce. Mu da muke da rikoda a aljihu ba mu da uzuri.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Ina fatan mahalarta, musamman waɗanda suka fito daga Zariya da Katsina da Sakkwato da Damagaram, za su auna wannan ra'ayi da abin da ya faru a unguwannin masu sana'a na garuruwansu, domin a ga ko labarin Kano na kowa ne ko nata ne ita kaɗai.